Mota ta shiga tamfol, keke ya fito: ina za mu bi a Zariya?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata bakwai ke nan da na lulluɓe motata da tamfol a ƙofar gida. Lafiyarta lau, aljihuna ne ya kwanta. Na sayi keke na gwanjo, shi nake hawa daga Tudun Wada zuwa makarantar da nake koyarwa a Sabon Gari. Abin da ya ba ni mamaki, lokacin da nake ɗauka bai fi na mota da wani abin kirki ba, don in an cushe a gadar Kubanni ni sai in bi ta gefe in wuce. Matsalata ɗaya ce: kullum da raina a hannu nake tafiya. Mai mota ya matse ni, mai Napep ya tsaya a gabana ba sigina, ɗan acaɓa ya biyo hannun da ba nasa ba. Tambayata, akwai abin da mu 'yan unguwa za mu iya yi da kanmu don mai keke da mai ƙafa su samu sarari, ko sai mun jira gwamnati?

Ɗan Kwarbai:
Wa alaikumus salam. Malam, a faɗi gaskiya a kunyata shaiɗan. Ba son keke ya kama ka ba, fetur ne ya koro ka. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura dubu. Ranar da ta sauko, kai ne na farko da za ka yaye tamfol ɗin nan.

Malamin Firamare:
Ban musa ba. Amma ciwon bayan da nake fama da shi ya ragu, tumbin ma ya saki. Ko man ya sauko, kwana uku a mako dai keke ne.

Bakano a Zariya:
Zage-zagi an ji jiki! Da ma can ina kuka samu motocin da za ku rage? Rabin garin ɗalibai ne, rabi malamansu, duk a ƙafa.

Ɗan Kwarbai:
Ga shi nan ya fito. Kai da ka baro Kurmi ka zo cin arziki a garin iyayen gidanka, ka yi mana shiru.

Ɗalibar Tsara Birane:
Ku bar Bakano, cikin wasa ya faɗi maganar da ta fi kowace nauyi. A Turai in ana zancen rage mota, ana lallashin mutanen da kusan kowa yana da ita ne. Mu nan ka tsaya a PZ ko Ƙofar Doka da ƙarfe bakwai na safe ka ƙirga da idonka. Masu ƙafa, 'yan makaranta, masu baro, masu keke, fasinjan Napep da na bas, su ne taron. Mai motar kansa ɗan kaɗan ne a cikinsu, amma duk kwaltar tasa ce, sauran jama'a suna raɓe-raɓe a bakin kwata. Ba sai an koya wa Bazazzagi tafiya a ƙafa ba, yana yi tun da can. Wurin da zai taka ne babu.

Kuma ku dubi cikin ganuwa. Lungunan Kwarbai, Kaura, Juma, Limancin Kona, an fitar da su ne daidai mutum da doki da jaki. Masallaci, makarantar allo, mai kayan miya, mai nika, duk suna inda ƙafa za ta kai ka cikin minti kaɗan. Abin da masana ke ta rubuce-rubuce a kai yanzu suna cewa a gina birni haka, kakanninmu sun gina shi tuntuni. Mu ne muka zo muna cusa jif a lungun da mutum biyu ke gogar kafaɗa.

Mai Faci na Ƙofar Doka:
Ni dai kasuwa ta buɗe, alhamdu lillahi. Kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru duk an kakkaɓe an kawo mini. Wani sarƙa ta ci tsatsa, wani taya ta ruɓe, wani ɓera ya cinye sirdi. Har masu manyan riguna suna zuwa, amma da magariba, su ce wai na yaro ne za a gyara. Ni kuma in ga an ɗaga sirdin daidai tsawon uban.

Ɗan Kwarbai:
To ka ji inda gizo ke saƙar. Kunya ce. Mutum yana da digiri biyu, a gan shi a kan keke, gobe a majalisa a ce wane ya karye. Je ka neman aure da keke ka gani.

Baba Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Yaro, da keke na nemi auren uwar 'ya'yana, kuma layi aka yi ana kallona. Raleigh ne, baƙi, mai fitila da ƙararrawa, har da madubi biyu. A zamaninmu malamin makaranta, akawu, malamin asibiti, ma'aikacin jirgi, kowa keke. Har lamba ake yanka masa a En'e, kana biya duk shekara. In aka tashi daga aiki, titin tasha ƙarar ƙararrawa kawai kake ji.

Kuma ku yaran yanzu ba ku san Zariya mahaɗar jirgi ce ba. Dogo ya ratsa nan ya isa Kano a 1911. Akwai ƙaramin jirgin da ke tashi daga nan zuwa Jos saboda kuza, an rufe shi a 1957. Akwai wanda ke bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Sabon Gari ma albarkacin tashar ya tsiro. Gyaɗa, auduga, fata, shanu, duk a kan dogo suke tafiya. Da jirgin ya mutu sai kayan nan kaf suka hau tirela, tirelar kuma ta biyo ta tsakiyar gari. Ku da kuke kukan cunkoson Kwangila, nan ciwon ya samo asali.

Malamin Firamare:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Raleigh ɗin yana nan?

Baba Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Yana rataye a ɗakin hatsi. Gwiwa ce ta ƙi.

Maman 'Yan Biyu, Samaru:
Na yi shiru ina karantawa, na ga duk zancen na maza ne. Ni in hau keke daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari da hijabi har ƙasa? Kafin in kai Palladan an kira mijina a waya sau goma. 'Yata tana hawa a tsakar gida tun tana shekara shida, tana fara girma kakarta ta ce a ajiye. Mu mata abin da ya rage mana acaɓa ne da Napep da bas. Acaɓar kuma kowace mace a zauren nan ta san wadda hijabinta ko zanenta ya taɓa naɗewa a taya. Ni kaina an taɓa fizgo ni ƙasa, Allah ya kiyaye goyon da ke bayana.

In da gaske kuke, ku yi maganar bas. Mai tsabta, wadda ba a cusa mutum biyar a kujerar mutum uku, wadda ba sai ta cika za ta tashi ba. Mace mai ciki ta zauna minti arba'in a rana tana jiran fasinja biyu, ranar awo ke nan a asibitin Shika. Wannan shi ke sa duk wadda mijinta ya samu hali ta ce a saya mata mota ko da akwala ce.

Sai kuma yara. Makarantar 'yan biyuna tana tsallaken titin Sakkwato, tafiyar minti goma ce daga gida. Amma kuɗin Napep nake biya kullum, don ba zan iya sakin yara 'yan shekara bakwai su tsallaka titin da tirela da tanka ke gudu ba.

Malamin Firamare:
Hajiya, kin yi gaskiya, a yi mana afuwa. Ban kawo wannan a raina ba sam.

Ma'aikaciyar Jinya:
Maman 'yan biyu ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ba zan faɗi inda nake aiki ba, amma wanda ya kwana a ɗakin haɗari ya san su wa ake kawowa: yaron da aka aika sayen kati, tsohon da ya fito masallacin asuba, fasinjan babur ba hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Gudu ne tushen abin. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa in ta buge mutum, galibi ana tashi da karaya. In ta ninka haka, sau da yawa sai likkafani. Shi ya sa ake cewa a bakin makaranta da kasuwa kada a wuce 30.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, masu hawan jini da ciwon suga sun cika mana layi. Mukan ce su yi tafiyar minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "'Yar nan, a ina?" Na rasa amsar ba ta.

Direban Napep:
Salamu alaikum. Na ga tun daga sama Malam ya sa mu a cikin masu laifi. To bari in kare kaina. Ni ina ɗaukar mutum uku, huɗu, in sauke in ɗauki wasu, tun asuba har isha. Alhaji shi kaɗai a motar da ta ci wurin Napep biyu, ya zo ya faka a bakin titi gaban banki awa biyu, kowa ya bi ta gefensa. Wa ya tare hanya tsakanina da shi? Kuma ni balas nake kai wa mai Napep kowace yamma, ko na samu ko ban samu ba, ga mai, ga tikiti. In ban tsaya inda fasinja ya ɗaga hannu ba, na bayana zai ɗauka.

Malamin Firamare:
Ɗan'uwa, ba na raina sana'arka, ku ne motar talaka. Sigina kawai nake roƙo. Jiya saura ƙiris in shige bayan wani a wajen PZ.

Direban Napep:
Wannan kam muna da laifi. Akwai yara a cikinmu da ko makon koyo ba su yi ba. In za a ware wuraren tsayawa, fasinja ya san nan zai jira, mu ma man da muke ƙonawa wajen tsaye-tsaye zai ragu. Amma sai an zauna da shugabannin tasha, kada a yanka a kawo mana.

Ɗan Kwarbai:
Duk wannan an yi an gama. Kun manta Ojo Maduekwe? Ministan sufuri ne a zamanin Obasanjo, ya ce 'yan Najeriya su koma hawa keke, ya hau nasa a Abuja a 2001, bas ta tura shi rami. Minista ke nan da 'yan rakiya. Ina ga Malam da jakar littafi?

Ɗalibar Tsara Birane:
Yaya, labarin nan ni nake ganin shaida ce a gare mu. Ya ce a hau keke bai gyara inda za a hau ba. Holan da ake ta misali da ita yau, ba haka ta tashi ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunanta, fiye da 400 yara ne. Iyaye mata suka fito suna tare tituna, suna fitar da tebur da kujeru a kan kwalta. Sai ga rikicin mai na 1973, gwamnati ta hana tuƙi ranar Lahadi na ɗan lokaci. Tsadar mai da mutuwar yara, su biyun nan suka juya ƙasar, kuma su ne a gabanmu yanzu.

Bakano a Zariya:
Holan fa kika ce. Can rana tana dafa ƙwai a watan Afrilu?

Ɗalibar Tsara Birane:
To bar Turai. Bogota a Kolombiya tun 1974 suka fara rufe wa motoci manyan tituna, yanzu kowace Lahadi ake yi daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, abin ya haura kilomita 100. Kigali a Ruwanda sun fara nasu a 2016, daga baya ya koma sau biyu a wata. Adis Ababa ta bi sahu a 2018. Kuma mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowace Juma'a ana tare titi a shimfiɗa sallaya, ba wanda ya kai ƙara. Ranar hawan Sallah daga fada har inda Mai Martaba zai bi, mota ba ta da ta cewa, doki ne da ɗan Adam. Wato mun iya. Suna kawai ba mu sa masa ba.

Maganar rana kuma gaskiya ce, amsarta itace. Ka bi ta cikin jami'a a Samaru ko tsohuwar GRA da azahar, sannan ka bi sabon titin da aka faɗaɗa aka sare itatuwan bakinsa, jikinka zai faɗa maka bambanci. Garin da unguwanninsa ke amsa sunan rimi, Rimin Tsiwa, Rimin Doko, bai kamata a rasa inuwa a cikinsa ba.

Baba Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Yarinyar nan Allah ya yi miki albarka. Maɗacin da muke hutawa a ƙarƙashinsa in mun taso aiki, wanda ya dasa shi bai sha inuwarsa ba.

Mai Shago a Sabon Gari:
Na san in aka ce a gyara wurin masu ƙafa, kanmu za a fara sauka, a ce mun baje kaya a bakin titi. E, mun baje. Amma ku zo ku gani, abin da ake kira wurin tafiyar kwata ce a buɗe, ni na sayi katako na rufe ta gaban shagona bayan wata mata ta zurma da ƙafa. Da na rufe sai maƙwabcina ya ɗora janareto, na gaba ya ɗora buhunan shinkafa, ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Haka abin ya faru, ba wanda ya zauna ya shirya.

Sai dai tun da na karanta maganar ɗalibar nan nake lissafi. Cikin masu sayayya goma da suka shigo mini yau da safe, ɗaya ne ya zo da mota, shi ma bai sauko ba, hon ya yi. Sauran duk a ƙafa. In haka ne, ni da kaina nake tare wa masu kawo mini kuɗi hanya. In layinmu gaba ɗaya za a yarda kowa ya ja kayansa taku biyu, ni zan fara. Ni kaɗai kam ba zan ja ba, wani ne zai matso.

Ɗan Kwarbai:
Alhaji, ranar da 'yan kasuwa suka ja kaya baya don Allah, ni kuma zan zagaya ganuwa a ƙafa.

Mai Shago a Sabon Gari:
Ka fara neman takalmi.

Mai Faci na Ƙofar Doka:
Akwai abin da ba a ambata ba: sata. Mutum uku cikin masu kawo mini gyara an ɗauke musu keke a bakin masallaci, ɗaya a kasuwa. Mai mota yana da maigadi, mai babur yana da inda ake ba shi kati, mai keke sai dai ya jingina da bango ya yi addu'a. Bututun ƙarfe ɗaya a kafa da siminti, a samu inda za a zura sarƙa da kwaɗo, shi ke nan. Mai walda zai yi shi a yini ɗaya. In kwamitin masallacin unguwarmu ya yarda, ni zan ba da kuɗin walda.

Kuma don Allah masu hawa da dare, ku sa fitila ko ɗan abin nan mai ƙyalli a baya. Baƙin keke, baƙar riga, ba wutar titi, sannan a ce direba ne mugu.

Bakano a Zariya:
Wasa a gefe. Daga Kongo zuwa Samaru ya haura kilomita goma. Ba kowa zai iya wannan da keke kullum ba, balle da damina ko ƙurar hunturu. Wannan layin aikin manyan bas ne masu lokaci, irin yadda Legas ta ware musu hannu guda tun 2008. Kuma abin dariyar, cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa baki ɗaya, NITT, a nan Zariya take, ga sashen tsara birane a ABU. Masana suna gida.

Ɗalibar Tsara Birane:
Shi ya sa nake ganin a raba abin biyu. Bas da gadar masu ƙafa da fitilun titi, wannan sai hukuma, sai mu rubuta mu bi sawu ta hannun kansila da ƙaramar hukuma, Zariya da Sabon Gari duka tunda titunan sun ratsa biyun. In za mu rubuta kuma kada mu je da "jama'a na shan wahala" kawai. Mu tsaya mu ƙirga yara nawa ke tsallaka wuri kaza tsakanin bakwai da takwas, kwana biyar a jere. Ni da 'yan ajinmu za mu iya wannan.

Maman 'Yan Biyu, Samaru:
Ni kuma ga abin da ba sai an jira kowa ba. A layinmu gida shida ne yaranmu ke makaranta ɗaya. In kowace rana babba ɗaya zai tattara su ya raka su a ƙafa ya tsallakar da su, ya dawo da su in an tashi, kowane gida sau ɗaya zai fita a mako, kuɗin Napep ya zauna a aljihu. Da ma haka aka yi mana muna yara, yayyenmu ke jan mu. Yanzu na tura wa matan layin saƙo, biyu sun amsa.

Direban Napep:
Hajiya, kin rage mini fasinja ina zaune.

Maman 'Yan Biyu, Samaru:
Ranar kasuwa kai za ka kai ni, da buhu biyu.

Ma'aikaciyar Jinya:
Mai rakiyar ya sa riga mai haske, kuma yara su riƙa tafiya suna fuskantar motocin da ke tahowa in babu wurin ƙafa. Kada a bar ƙarami a ƙarshen layi. Tudun rage gudu kuma kar wani ya tashi ya zuba da kansa da dare, mun karɓi masu babur da irin wannan ya kayar. A nemi izini, a yi shi da faɗi, a shafa masa fenti.

Malamin Firamare:
To ga abin da na tsinta. Rakiyar yara, Hajiya ta fara a Samaru, ni zan kai maganar taron iyaye da malamai a makarantarmu. Ƙarfen ɗaure keke, Mai Faci. Ƙirga, ɗalibarmu. Alhaji zai taɓa 'yan layinsu. Ni kuma ina gayyatar duk mai keke ranar Asabar bayan sallar asuba, mu haɗu a Ƙofar Doka mu taka a hankali zuwa PZ mu dawo kafin rana ta yi zafi. Ba tare titi za mu yi ba, a jere za mu bi gefe. Zan sanar da mai unguwa tun yau.

Ɗan Kwarbai:
Ni ba ni da keke.

Baba Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Ka zo ka sauke Raleigh. Aro ne, ba kyauta ba, kuma kada ka taɓa mini madubi.

Mai Faci na Ƙofar Doka:
A kawo shi ranar Alhamis, tayoyin da suka shekara a rataye ba za su riƙe iska ba. Ɗan Kwarbai, kuɗin tib biyu a kanka.

Ɗan Kwarbai:
Nawa ne tib ɗin yanzu?